Rasuwar Mai Kunne Huɗu, Alƙaliyar Maharban Birnin Kebbi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki a sanyaye, Malam Labbo, mai kula da ɗakin harbi na Ƙungiyar Maharban Saiti da ke Birnin Kebbi a kan hanyar Zauro, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gari da na Argungu da Gulma da Augie rasuwar na'urarsa, abokiyar aikinsa ta shekara takwas, wadda manya da yara suka sani da suna Mai Kunne Huɗu. Ta cika ranar Laraba bayan sallar isha'i, ita kaɗai a ɗaki kulle.

Malam Labbo ya ji fitar ranta da kunnensa, sai dai bai san abin da yake ji ke nan ba. Gidansa bango ɗaya ne da ɗakin harbi. Yana zaune a kan tabarma yana shan kunu sai ya ji muryarta ta ratso bango: tin. Aka ɗan jima, tin. Wannan ita ce muryar da take yi idan harsashi ya shige ta, alhali bindigogi duk suna cikin akwati, mabuɗin ɗaki kuma yana aljihunsa. Da mai hankali ne da ya ɗauki tocila ya je ya duba. Shi kuwa sai ya ajiye ludayi ya jingina da bango yana saurare, yana raya wa ransa cewa mutanen ɓoye ne suka zo gwada hannu. Har ya ji wani daɗi, ganin wasan da mutanen gari suka raina ya sami masoya a wata duniya. Ya ƙirga harbi sittin da huɗu. A na ƙarshe ta yi wani dogon kuka, tiiiiii, irin wanda bai taɓa ji daga bakinta ba, sannan ta yi shiru.

Ta tafi ta bar shari'a a rataye. Ranar Asabar mai zuwa aka sa za a fitar da mutum ɗaya da zai wakilci ƙungiya a gasar ƙasa. Gurbi ɗaya ne, masu nema biyu: Sumayya 'yar Gulma, ɗiyar ƙanwar Malam Labbo, da Joyce ɗiyar Irimiya maƙwabcinsa, malamin makaranta. Marigayiya ce za ta raba su.

Ga wanda bai yi zamani da ita ba, Mai Kunne Huɗu akwati ce ta ƙarfe, faɗinta bai wuce faifai ba. Ana rataye ta a bango, maharbi ya tsaya nesa da ita mita goma da bindigar iska, ya auna baƙin ɗigon da ke tsakiyarta. A bayan ɗigon akwai baƙar roba mai laushi, naɗe kamar tabarma, a kowace kusurwa kuma akwai kunne ɗaya. Idan ƙwayar dalma ta huda robar, kunnuwan nan huɗu su ji, wanda ya fi kusa ya riga sauran ji, da haka take gane inda harbi ya faɗa. Sai ta ce tin, maki ya fito a allonta da manyan lambobi, sannan ta yi ƙirrr, ta ja robar gaba kaɗan don mai zuwa ya sami wuri lafiyayye. Malam Labbo ya yi shekara takwas yana wannan tunani, yadda aka yi abin da ba shi da ido ya fi masu ido gani, bai kuma kai ƙarshensa ba.

An haife ta a wata ƙasa mai sanyi, ta yi aiki a can har aka gaji da ita. Wani likita da ya yi karatu a ƙasar ne ya ba ƙungiya ita kyauta, ta iso Birnin Kebbi a bayan motar albasa da ta dawo daga kudu, har ta mutu kuwa kwalinta bai rabu da wannan wari ba. Ta zo da littafinta, rubuce da wani yare mai ɗigo biyu a kan wasula. Babu mai karanta shi, amma Malam Labbo ya haddace hotunansa. Masaukinta tsohon siton shinkafa ne da aka share aka yi wa farar ƙasa, ba ta taɓa cewa ya yi mata kaɗan ba.

An shaidi marigayiya da gaskiya. Ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san ɗan masunci ba. Wani babban mutum ya taɓa zuwa da 'yan rakiyarsa, ya harba, ta ba shi uku a gaban kowa, ba ta ko sassauta murya ba. Mai masallaci da mai coci duk da murya ɗaya take amsa musu. Kafin zuwanta takarda ake harbi, kowace gasa kuma da gardama take ƙarewa, wannan ya ce ramin ya taɓa layi, wancan ya ce ko kusa. Da ta zo sai gardama ta rasa wurin zama. Ta yi haƙuri da zafin bazara, ta yi haƙuri da wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama, har aka haɗa mata batir da sola.

Ciwon ajalinta ya fara ne da bazarar bana, lokacin da robarta ta ƙare. An aika a kawo sabuwa, aka ce tana hanya, yau wata bakwai ke nan tana hanyar. Felix mai gyaran rediyo, wanda shi ne likitanta tun zuwanta, ya mai da tsohuwar robar ya sake naɗe ta daga farko. Ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta fara kurumcewa. Harsashi sai ya bi tsohon rami ya wuce shiru, maharbi ya tsaya yana jiran tin, ba tin. Aka kai robar wurin mai faci ya liƙe ramukan, facin ya yi kauri, ya riƙa maƙalewa idan ta zo ja, ƙirrr ɗinta ya koma ƙir, ƙir, kamar mai tari. Aka gwada tsohon tib na tayar babur, dalma ta riƙa dawowa baya. Aka gwada baƙar leda, ba ta da murya ko kaɗan.

Nan ne wani tunani ya zo wa Malam Labbo, wanda a lokacin ya ɗauka ilhama ce. Ya ce a ransa, tunda da kunne take aiki, ai abin da take so shi ne fata mai murya, kuma babu wanda ya san fata mai murya kamar mai rufe ganga. Ya ɗauke ta a mota zuwa Argungu wurin Malami, abokinsa tun suna yara suna su a fadama, wanda ya gaji rufin kalangu kaka da kakanni. Malami ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya yi dariya.

"Kai Labbo, abin ga kalangu na, Turawa dai sunka sa mai wuta. Shekara takwas kana gadin kalangu ba ka sani ba, tsohon banza. Aje shi nan in rufe ma."

Ya zaɓo fatar ɗan akuya mafi sirantaka, ya kankare ta har ana ganin hasken rana ta cikinta, ya yanka dogayen tsiri, ya rina su baƙi, ya ɗinke. Aka ɗaura. Malam Labbo yana so a rubuta a nan, don adalci ga Malami, cewa mako biyun farko marigayiya ba ta taɓa ji garau kamar lokacin ba. Ko ƙuda ya sauka a kanta sai allonta ya motsa.

Sai damina ta sauka. Fata kuwa ba ta manta halinta. Da safe ta sha raɓa ta saki, sai harbin da ya dace da goma ya fito takwas. Da rana ta ɗame, sai makin ya karkata wani gefen. Sumayya ta murɗa saitin bindigarta sama da safe, ta murɗa ƙasa da azahar, har ta fara zargin idonta. Malami ya aiko cewa a yi mata yadda makaɗa ke yi, a gasa. Tun daga ranar kullum da hantsi Malam Labbo yakan hura garwashi a kasko, ya riƙe shi a ƙarƙashinta yana ɗan ƙwanƙwasa fatar da farce har muryar ta hau, sannan a fara harbi. Baƙon da ya shigo ya tarar da tsoho yana wa na'ura gashi yakan tsaya a bakin ƙofa ya saki baki yana kallo.

Bayan haka ta fara jin abin da ba nata ba. Wata safiya Sumayya na tsaye ko bindiga ba ta ɗaga ba, sai tin, goma da ɗigo bakwai.

"Kawu, wallahi ban harba ba. Ko dalma ban saka ba."

"Baba, a rubuta mata," in ji Joyce. "Da bindiga a hannunta ai ba ta taɓa samun irin wannan ba."

"Ke dai ji da naki, 'yar malam. Jiya wa ta harbi bango?"

Felix ya canza waya, ya canza batir, ya kashe ya kunna, ya hure ƙura daga kunnuwa huɗun ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ana nema kafin Malam Labbo ya lura cewa duk sanda ta yi harbin ƙarya, taɓarya ce ta sauka a turmin Nana, matar da ke bayan sito. Ya je ya yi sallama, ya roƙe ta ko za ta jinkirta daka zuwa azahar.

"Malam, in bar daka don ƙarfe? Mi ɗiyana za su ci, maki?"

Ya juya ya dawo. Aka koma harbi tsakanin daka da daka. Tsawa ma ta riƙa samun makinta, haka motar yashi idan ta faɗa ramin bakin titi. Abin ya kai maƙura ranar da aka kai ta Argungu wasan sada zumunci, a wani zauren makaranta. An yi rashin sa'a ana biki a unguwar, da makaɗa suka ɗauka sai marigayiya ta amsa wa 'yan'uwanta, ta ba da harbi talatin kafin kowa ya buɗe akwatin bindigarsa. Malami na cikin 'yan kallo, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Malam Labbo bai yi ba. Ya naɗe ta a bargo ya dawo da ita, tun daga ranar kuma ta ƙi tashi da sauƙi idan an kashe ta, don haka aka bar ta a kunne dare da rana, ana tsoron kada a kashe ta ƙi farkawa.

Da ruwa ya ɗauke, fatar ta fara tsagewa a gefe. Malam Labbo ya tuna yadda ake wa takalmi da linzami idan sun bushe. Bai tambayi kowa ba. Ranar Laraba da la'asar ya ɗebo man gyaɗa mai kyau, sabon matsa, ya shafe fatar da yatsansa a hankali, lungu da saƙo, ya kulle ɗaki ya tafi yana jin ya yi wa maras lafiya gata.

Siton shinkafa ko an yi masa farar ƙasa, ɓerayensa ba su tashi ba. Su ne maharban da ya zauna yana saurare. Kowane cizo tin, kowane cizo tin. Da suka gama da fata suka bi mai zuwa wayoyin kunnuwa. Da safe aka tarar da kunne uku a yanke, cikinta a jiƙe da fitsarinsu, wani wuri ya ƙone baƙi. Allonta na nan a kunne da sakamakon ƙarshe. Ɗaya daga cikin ɓerayen ya sami goma da ɗigo tara, makin da babu sama da shi. Felix ya buɗe ta, ya sunsuna, ya ɗago ya dubi Malam Labbo.

"Baba, wa ya sa wa abin nan man gyaɗa?"

Malam Labbo ya ce shi ne. Felix ya mai da murfi ya ɗaure kusoshi huɗun duka, abin da bai taɓa yi ba, don kullum yakan bar biyu a kwance saboda gobe.

Marigayiya ta rasu ta bar allonta, wanda yanzu yake kallon mutane ba ya cewa komai. Ta bar ƙanwarta firinta, da rabin takarda a baki. Ta bar waya mai tsawon mita goma sha biyu, da bindigogin iska huɗu, ɗaya gurguwa, da famfon da ake ba su iska, da littafinta da har yau ba a karanta ba. Ta bar kunne ɗaya da rai, na sama ta hannun dama, wanda Felix ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai kunne ɗaya ba ya yanke hukunci. Ta kuma bar 'yan mata biyu da suka yi shekara uku suna tsayuwa a gabanta, kowace da rigar harbi mai nauyi a cikin zafin nan, suna koyon riƙe numfashi.

A gaban gawa ba a ƙarya, don haka Malam Labbo zai faɗi abin da ya ɓoye. Masu shirya gasar ƙasa sun rubuto cewa abu biyu kaɗai za su karɓa: takardar da na'ura ta buga, ko kuwa takardun harbi da alƙali mai shaida ya auna da idonsa ya sa hannu. Ranar Litinin za su rufe karɓar suna. A ƙungiyar nan mutum ɗaya ke da wannan shaida, shi ne Malam Labbo, ya same ta tun yana da ƙarfinsa. An nemi wani alƙali daga nesa, ya ce ba zai samu zuwa ba sai wata mai kamawa.

Awon takarda aikin ido ne. Ɗigon goma bai kai ƙwayar gero ba. Ana sa ɗan ƙarfen awo a ramin, a duba ko gefensa ya taɓa layi, layin kuma kamar silin gashi yake. Harbi sittin kowace. Tazarar da ke tsakanin Sumayya da Joyce a watannin nan ba ta wuce maki ɗaya, yau wannan, gobe waccan. Shi kuwa Malam Labbo shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Da murya da tafiya yake gane mutum. Lambobin marigayiya manya ne, kowace ta kai tafin hannu, su yake karantawa da ƙarfi yana gyara tsayuwa, mutane suna cewa tsohon nan har yanzu idonsa na shaho ne. Ta san gaskiya, ba ta taɓa tona shi ba. Ɗazu ya kulle kansa a ɗaki, ya ɗauko tsohuwar takardar harbi, ya kai ta bakin taga, ya sa tabarau biyu ɗaya kan ɗaya. Ya ga baƙi, ya ga fari, bai ga layi ba.

In ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ya yi shaidar zur a ƙarshen rayuwarsa. In wani ya duba masa shi ya sa hannu, shaidar zur ɗin ce ta canza riga, kuma duk wanda zai duba, ko dangin wannan ne ko malamin waccan. In Sumayya ta fito, za a ce kawu ya yi wa ɗiyar ƙanwarsa. In Joyce ta fito, mutanen Gulma za su ce tsoho ya sayar da jininsa don a yabe shi, shi kuma ba zai iya rantsuwa cewa ba haka ba ne, tunda bai gani ba. In ya ƙi sa hannu, babu mai tafiya, shekara uku ta tafi a banza. Ya juya maganar ta kowane gefe kamar mai neman ƙofa a rumbu. Da ya buɗe ɗaki a harbi na biyar ko na goma, da wataƙila kunnuwan suna nan. Ya zauna yana jin daɗin baƙin da ba su zo ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. An tambayi liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, kuma kada a kuskura a kai shi maƙabarta, an kuwa karɓi wannan da ladabi. Ba za a yi mata wanka ba, don ruwa bai taɓa yi mata alheri ba. Za a shafe ta da busasshen tsumma, a sa ta a kwalin da ta zo da shi, a ɗaure da wayarta. Felix zai ɗauke ta a bayan babur, a tafi a hankali saboda ramuka, zuwa shagonsa, inda za a kwantar da ita a kan kanta ta sama tare da rediyoyin da suka riga ta. Malami ya aiko cewa zai zo da kalangu, an roƙe shi ya zo hannu sake. Ba za a harba bindiga don girmama ta ba, tunda babu mai faɗin inda harbin ya faɗa.

Ana karɓar gaisuwa a gindin darbejiyar ƙofar sito, daga hantsi zuwa magariba, har kwana uku. Mai zuwa ya zo da tabarmarsa. Wanda marigayiya ta taɓa ba shi makin da bai ji daɗinsa ba, ana roƙonsa ya yafe mata, gaskiya ta faɗa.

Tun yau ma mutane sun fara zuwa. Ana cikin rubuta wannan sanarwa, Felix na zaune, Sumayya na gefe ta sunkuyar da kai, sai Irimiya ya fito daga gidansa ya tsaya a bakin tabarma, ya cire hula.

"Malam Labbo, sannu da haƙuri. Allah ya ba da dangana. Joyce ce ta ce in tambaya, ita ta kasa zuwa da kanta. Ran Asabar ta zo da bindigarta, ko ta bari?"